Yadda Sandar Baba Ta Yi Ta Raguwa

A gidan hayar nan mai bene kowa Ba-Wuya yake kiransa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Famfo ne ya tsiyaya, rediyo ce ta yi shiru, ko ƙofa ce ta ƙi rufuwa, kafin mai abu ya gama bayani ya riga ya ce, "Ai ba wuya." Aikinsa na gaskiya karanta mita ne a kamfanin ruwa, ya leƙa rami ya rubuta abin da ya gani, amma in baƙo ya tambaye shi sai ya ce yana ɓangaren injiniyoyi. Rediyon da ya gyara wa mai askin ƙofar gida har yau tasha ɗaya take kamawa, ita ma sai an kwantar da ita rub da ciki.

Dariyar maƙwabta ba ta damunsa. Abin da ke ci masa rai shi ne surukinsa, mahaifin matarsa Malama, wanda ya zo ya zauna da su saboda ciwon gwiwa, don asibitin ƙashi ya fi kusa da su. Baba dattijo ne dogo, mai ƙarancin magana, kuma tun da ya ba Ba-Wuya 'yarsa bai taɓa yaba masa a kan komai ba. In Ba-Wuya ya yi ta zuba, sai tsohon ya dafa sandarsa ya dube shi kawai. Wannan kallon ya fi zagi ciwo a wurin Ba-Wuya, shi ya sa ya ƙudura a ransa cewa kafin Baba ya koma gida sai ya nuna masa wa 'yarsa ta aura.

Ana haka ya ga wani inji a waya. Injin leza ake ce masa: ƙarafuna huɗu a haɗe kamar firam ɗin taga, da wani ɗan kai mai yawo a tsakiya yana fitar da haske siriri kamar allura. Hasken nan yana zana fure a jikin katako, in an ƙara masa ƙarfi ya yanka shi gida biyu. Ba-Wuya ya kalli mutumin cikin wayar yana ciro tsuntsu daga falanki, ya ce wannan ai aikinsa ne aka riga shi farawa.

Ranar da kwalin ya iso, Malama ta dawo daga makarantar da take koyarwa ta tarar an kwashe kayan ƙaramin ɗaki an zube a falo.

"Maigida, wannan kuma mene ne?"

"Masana'anta ce. Nan gaba kaɗan allon ƙofar kowa a unguwar nan daga ɗakin nan zai fito."

"Ga takardar bayaninsa can a ƙasa kana takawa."

"Wannan ta 'yan koyo ce."

"Kai kuma yaushe ka gama koyon?"

Ya yi kunnen uwar shegu da ita, ya ci gaba da ɗaure noti. Da ya gama haɗawa sai ga ragowar kusoshi cike da tafin hannu, ya ce kamfanin ne ya yi gyara. Akwai kuma wani ɗan guntun ƙarfe mai santsi da bai ga inda zai shiga ba. Shi ne ma'aunin da ake sawa tsakanin kan injin da katako don hasken ya tattaru wuri ɗaya, in babu shi aikin duk shirme ne. Ba-Wuya ya juya shi, ya shinshina, sannan ya tokare ƙafar tebur da shi, don teburin yana rawa.

Ya ɗora koren tabarau na kare ido da ya zo da injin, ya jona injin da kwamfuta, ya kira Baba da Malama su tsaya a bakin ƙofa su shaida. Yana danna maɓalli kan injin ya zabura da gudu ya je ya daki kusurwa, ya tsaya nan yana kakari kamar akuyar da igiya ta shaƙe.

"Yana ɗumama jiki ne," in ji Ba-Wuya.

Baba ya dube shi, ya juya ya koma kujerarsa.

Sai da ya wuni kafin ya gane bel ɗin da ke jan kan injin ya sa a baibai. Da ya gyara, kan ya yi ta zirga-zirga a kan falanki cikin natsuwa, Ba-Wuya yana biye da shi da ido yana gyaɗa kai. Aka gama, ya ɗaga falanki ya kai shi gaban taga, babu ko ɗigo. Ya ce lallai injin kunya yake ji, ya murɗa ƙarfinsa har ƙarshe, ya rage masa gudu. Wannan karon an ga aiki. Falankin ya kama da wuta, ɗaki ya turnuƙe, Malama ta shigo da butar ruwa tana tari, ta kashe masana'antar da hannunta.

Washegari ya sayo fanka da dogon tiyo, ya zura bakin tiyon ta taga don hayaƙi ya fita. Hayaƙi kuwa ya fita, ya sauka kai tsaye a kan igiyar shanyar Mai Guga, wanda ke da tebur a tsakar gida yana wanki da guga. Ba a jima ba aka buga ƙofa. Mai Guga ne riƙe da farar riga da ta koma ruwan toka.

"Ba-Wuya, kifi kake bandawa a sama?"

"Kimiyya nake yi."

"To kimiyyarka ta sauka a kan rigar mutane. Shinshina ka ji. Mai rigar nan in ya shiga ofis sai a kira 'yan kwana-kwana."

"Ai ƙamshin katako ne, wasu saye suke yi."

"Su saya a wurinka, ni ka ɗauke mini tiyo daga kan shanya."

Ya mayar da tiyon ɗaya tagar, hayaƙin ya gangara shagon mai aski, masu jiran layi suka watse, wanda ake wa aski ya bi su da rabin aski. Daga ƙarshe ya ɗaure bakin tiyon a jikin sandar eriya ya nufi sama da shi, aka samu zaman lafiya a gidan.

Amma falanki bai daina ba shi kunya ba: ko ya fito fari fat, ko ya fito gawayi. Ba-Wuya ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa laifin ba nasa ba ne, ba kuma na injin ba ne, katakon zamani ne ba shi da nagarta. Yana cikin wannan tunani idonsa ya faɗa kan sandar Baba. Baƙin katako ce mai nauyi, hannunta ya yi sulɓi saboda riƙo, gindinta da hular roba. Marigayiya matar Baba ce ta saya masa ita, kuma ko banɗaki zai shiga da ita yake shiga.

"Baba, da za ka ba ni sandar nan na zana maka fure a hannunta, sai an riƙa tsayar da kai a hanya ana tambaya."

"Sandata lafiyarta lau," in ji Baba.

Mai hankali da nan ya tsaya. Shi kuwa Ba-Wuya sai ya ga ai tsohon bai san abin da yake ƙi ba ne, in ya farka ya ga fure, bakinsa zai buɗe da kansa. Baba yakan yi barci bayan abincin rana, Malama kuma tana makaranta, shi ga shi yana hutun aiki. Ya lallaɓa ya zare sandar daga jikin gado. Don a ce yana da tsari, ya yanke shawarar fara gwaji a can gindi inda roba ke rufewa, wurin da ido ba ya kaiwa.

Ya cire robar, ya kwantar da sandar a ƙarƙashin injin, ya danna. Abin da bai lissafa ba shi ne sanda zagayayya ce. Teburi ya ɗan girgiza, sandar ta mirgina, hasken ya bi ta ya zagaye ta da baƙin rami mai zurfi, can sama da inda roba za ta rufe. Ya goga da tsumma, ya shafa miyau, rami yana nan. Sai ya ɗauko zarto ya datse wurin da ya ƙone, ya mayar da robar, ya jefa guntun a gwangwanin madara. Abin da ya fita bai wuce faɗin yatsa biyu ba, ya ce ko mai sandar ba zai lura ba.

Baba bai lura ba kuwa, kuma wannan ne ya ƙara wa Ba-Wuya ƙarfin gwiwa. Washegari ya tokare sandar da littattafan Malama don kada ta mirgina, sai hasken ya yi yawa ya huda ta. Zarto. Rana ta gaba ya rage ƙarfi, ya ga bai kama ba, ya maimaita a wuri ɗaya har ya ƙone. Zarto. Wata rana wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, da ta dawo injin ya manta inda ya tsaya ya fara daga wani wurin. Kullum yana gaya wa kansa gobe zai gama gano kan abin ya hau kan hannun sandar, kullum gwangwani yana ƙara nauyi.

Wata safiya Baba ya taso zai fito falo, ya dafa sanda, ya tsaya yana kallon ƙasa.

"'Yar nan, daɓen gidan nan naku yana nutsewa ne?"

"Nutsewa kamar yaya, Baba?"

"Na ga kullum ƙasar tana ƙara nisa."

Malama ta dube shi da kyau. Mahaifinta da ya zo a miƙe kamar turke, yanzu ya karkace gefe guda, kafaɗar dama ta sauka, yana tafiya kamar mai neman abin da ya yar.

"Maigida, zo ka ga Baba. Bayansa ne yake lanƙwashewa."

Ba-Wuya ya zagaya tsohon yana shafa haɓa. "Shekaru ne. Ƙashi yakan zauna."

"A 'yan kwanakin nan?"

"Wani ƙashin yana da gaggawa."

Ko a nan da ya ajiye zarto da an rufa asiri. Amma ranar ya ga kamar ya kusa, don ya samu rabin ganye ya fito kafin wuta ta cinye sauran, sai ya ƙara gwadawa. Malama kuwa hankalinta ya tashi sosai. Ta kai Baba asibiti, likita ya danna nan ya danna can, ya ce a kwance dai bayan lafiya lau yake, amma a dawo a ɗauki hoto. Da yamma ta kira yayanta a waya tana hawaye. Yaya mutum ne mai zafi, direban babbar mota, wanda dama tun ranar farko bai ga abin da ƙanwarsa ta gani a jikin Ba-Wuya ba. Ya ce ranar hutu yana tafe, in an kasa riƙe masa uba zai ɗauke shi, in ma aiki za a yi wa bayan a yi.

Ba-Wuya yana gefe, a kunnensa aka ambaci aiki. Cika baki halinsa ne, amma ba mugu ba ne, kuma tunanin a kwantar da tsoho a tsaga masa baya saboda zartonsa ya hana shi cin abinci. Ya so ya faɗa wa Malama, ya buɗe baki, ya tuna fuskar Yaya, ya rufe. Sai dabara ta zo masa, kuma kamar kullum ya ga ba wuya.

Baba na kwanciya ya zazzage gwangwani a tebur. Guntaye ne birjik, kowanne da ƙonannen baki. Ya jera su yadda ya ga sun dace, ya narka gam irin wanda ake ɗiga shi da zafi, ya manna su ɗaya bisa ɗaya, ya bi da sanfefa, ya shafe da baƙin man takalmi, ya kifa roba. In ba ka matsa kusa ba sai ka rantse sandar ba ta taɓa ganin zarto ba.

Baba ya farka, ya dafa sanda, ya miƙe zam. Ya taka zuwa falo kafaɗunsa daidai. Malama ta saki ludayi ta riƙe baki, sai godiya take yi wa Allah.

"Ƙasar ta dawo," in ji Baba.

Abu ɗaya ya rage wa Ba-Wuya, ya ja bakinsa ya yi shiru, kuma shi ne abin da bai taɓa iyawa ba tun da aka haife shi. Yana ganin ana murna babu sunansa a ciki sai ya ji kamar an yi masa fashi. Kafin rana ta faɗi ya sanar da mai aski cewa hasken injinsa ne ya warware wa Baba jijiya, don ɗakin Baba da na injin bango ɗaya ne. Mai aski kuwa duk kan da ya kama sai ya zuba masa labarin. Zuwa ranar hutu, masu ciwon baya da masu ciwon ƙugu sun cika tsakar gida, har da Mai Guga, wanda ya ce in dai gaskiya ne ya yafe rigar.

Ba-Wuya ya sauko da injin ya girka a tebur, ya ja wayar wuta daga sama, ya ɗora koren tabarau. Yaya ya iso ya tsaya a gefe ya harɗe hannu. Aka sauko da Baba aka ba shi kujera a inuwa kusa da teburin Mai Guga, ya jingina sandarsa a jikin murhun gawayin da ake ɗora dutsen guga.

Ba-Wuya ya yi jawabi mai tsawo. Ya yi bayanin haske, ya yi bayanin jijiya, ya haɗa su aure. Yaya ya katse shi.

"Kai da ka ce mini allon ƙofa za ka riƙa yi, yaushe ka koma likita?"

"Yaya, ilimi ai ba shi da katanga."

"Nuna mini allo ɗaya da ka yi."

"Muna matakin gwaji. Amma ga shaida a zaune. Baba, don Allah taso ka taka su gani."

Baba bai so ba, amma ya ga idon jama'a a kansa. Ya ɗauki sandar, ya ji ta da ɗumi, bai kawo komai a ransa ba. Ya miƙe tsaf, mutane suka yi ta gyaɗa kai. Ya yi taku na farko lafiya. A na biyu gindin sandar ya lanƙwashe a hankali kamar kyandir, robar ta tsaya a ƙasa da guntu a cikinta, zaren gam yana bin sandar. Baba ya sake dafawa, wani guntun ya fice ya gangara ƙarƙashin tebur. Kowane taku sai sandar ta ajiye ɗa, Baba yana ƙara karkacewa, har ya ƙarasa gaban tulin wankin Mai Guga ya zauna a kai daɓas, da abin da ya rage a hannunsa, wanda bai fi muciya ba.

Malama ta ruga ta riƙe mahaifinta, ya ce mata ko ƙwarzane bai yi ba, zaman ma ya fi kujerar daɗi. Mai aski ya tsinci guntu ɗaya ya juya shi.

"Wannan da rabin ganye a jiki."

"Nawa da rami," in ji Mai Guga. Ya kai hanci. "Kuma ƙamshin rigar nan ne sak."

Wata mai ciwon ƙugu ce ta fara fashewa da dariya, tana dafe ƙugun tana cewa a bar ta haka ta warke. Daga nan gida ya ɗauka. Yaya kaɗai bai yi dariya ba, ya fara naɗe hannun riga. Ba-Wuya ya yi tsuru-tsuru a bayan koren tabarau, ya duba ƙofar fita, ya ga masu ciwon baya sun tare ta.

"Maigida," in ji Malama, "hawayen da na yi ta yi, kana kallona, ashe zarto ne?"

"Ai shi gwaji dama..."

"Rufe mini baki."

Baba ya ɗaga hannu, Yaya ya tsaya. Tsohon ya sa aka tattaro masa guntayen, ya juye su a aljihu, ya daɗe yana shafa hannun sandar da babban yatsa. Dariyar ta lafa, don kowa ya san wadda ta saya masa ita. Ba-Wuya ya cire tabarau, kunya ta rufe shi, ya durƙusa.

"Baba, na yi laifi. Fure na so na yi maka. Zan sayo wata, ko na yanko maka sabuwa da..."

"Kul," in ji Baba. "Taso. Matso nan. Juya."

Ba-Wuya ya juya yana jiran saukar guntun sanda a ƙeya. Sai ya ji hannu mai nauyi a kafaɗarsa. Tsohon ya dafa shi ya miƙe, ya ɗan danna, ya gwada taku biyu.

"Tsawon ya yi daidai. Ba sai an sayo ba."

Yaya ya ce a bar shi ya ɗauki Baba su tafi. Baba ya ce babu inda za shi, yanzu ya samu abin dafawa, sai gwiwa ta warke sarai, kuma likita ya ce gwiwar tsoho ba ta gaggawa.

Tun daga ranar, in Baba zai je asibiti, ko shagon aski, ko shan iska a bakin titi, da Ba-Wuya yake tafiya, hannu a kafaɗa. Ba ya wuce kowa bai tsaya ba, kuma duk wanda ya tambayi ina sanda sai ya ba shi labarin tun daga kwali, a tsanake, Ba-Wuya yana tsaye yana saurare. Mutumin da ba ya magana sai ga shi ya zama mai hira.

Wata rana sun tsaya gaban Mai Guga, labari ya kai wurin gam, Ba-Wuya ya sunkuyar da kai yana neman inda zai ɓoye fuska. Baba ya ɗan matsa masa kafaɗa.

"Miƙe, ɗana. Ita ma waccan sandar da haka ta fara raguwa."